Wankin Kai: Abin Da Mu Ke Saye Daga Indiya Akwai Irinsa A Bayan Gidanmu

Duk wanda ya ratsa kasuwar Funtuwa ko ta Malumfashi ya bi ta rumfunan 'yan koli, zai ga kwalabe jere na ruwan sabulun wanke kai da man gashi, waɗansu da zanen ganyaye, an rubuta an yi su a Indiya. Mutum zai sayar da masararsa ya sayo wa iyalinsa kwalba guda, yana murna ya sami abin da babu irinsa a ƙasar nan. To, mun bi diddigin al'amarin, muna so mu bayyana wa malaman makaranta da malaman ofis abin da mu ka gano, domin su ne mutanen gari ke tambaya in abu ya shige musu duhu.

Yadda Mutanen Indiya Ke Yi

Mutanen Indiya suna da wani tsohon ilmin magani da su ke kira Ayurbeda, wanda su ka gada tun shekaru fiye da dubu biyu. Kalmar nan shamfu ma da Turawa ke kiran sabulun kai da ita, daga harshen Hindi su ka aro ta, ma'anarta tausa. Wani mutumin Patna, Sake Dean Mahomed, ya buɗe gidan wanka da tausa a Brighton ta Ingila a farkon ƙarni na 19, ya yi suna ƙwarai da wannan sana'a. Daga baya ne sunan ya bar tausa ya koma kan sabulu.

A gidajensu abu uku su ka fi haɗawa. Na ɗaya rita, 'ya'yan wani itace ne masu kumfa in an murza su cikin ruwa. Na biyu shikakai, kwanson 'ya'yan wata ƙaya ce 'yar'uwar bagaruwa. Na uku amla, 'ya'yan itace ne masu tsami. Sai a jiƙa su da dare, da safe a tafasa, a bari ya huce, a murje, a tace, a wanke kai da ruwan. Abin da ke sa kumfar wani sinadari ne da masana ke kira safonin, wanda ke kama maiƙo da dauɗa ya sa ruwa ya tafi da su. A Kerala kuwa, can kudancin ƙasar, mata kan kirɓa ganyen wata fure 'yar dangin rama da kuɓewa, su wanke gashi da yauƙinsa.

Namu Na Gida

Da mu ka ji zancen yauƙi sai mu ka tuna da karkashi. Ashe abin da matan Kerala ke yi, shi ne kakanninmu mata ke yi tun da daɗewa. Karkashin nan da a ke miya da shi, in an zuba busasshen ganyensa cikin ruwan ɗumi aka bar shi ya saki yauƙi, aka tace, yana wanke kai, yana kuma warware gashin da ya cukurkuɗe bayan tsifa, har mataji ya wuce ba tare da tsinka shi ba. A Chadi ana kiransa ambunu, da wannan suna kuma a ke sayar da shi a Turai da Amurka cikin 'yan jakunkuna. Mu kuwa ciyawa ce a gefen gonakinmu da damina.

Sai ganyen magarya. In an shanya shi a inuwa, an daka, an kaɗa cikin ruwa, yakan yi 'yar kumfa, domin shi ma yana da safonin ɗin nan. Kowane almajiri ya san da ruwa da magarya aka yi umurnin wanke mamaci, Larabawa kuma sun daɗe suna wanke kansu da ita. Haka nan aduwa, ɓawonta da saiwarta suna kumfa, mutanen karkara sun yi wankin tufafi da su tun ba a san sabulun kanti ba. Lalle kuwa namu da nasu duk ɗaya ne.

Har wa yau ga dogon yaro, wanda likitocin gargajiyar Indiya ke girmamawa, suna dafa ganyensa domin ƙaiƙayin kai da kwarkwata. Asalinsa can ne. A 1928 aka fara dasa shi a lardin Barno, yanzu kuwa da wuya ka sami makaranta ko ofis tsakanin Bakori da Ƙafur da babu inuwarsa. Muna zaune ƙarƙashin itacen, muna biyan kuɗin jirgi a kawo mana ganyensa cikin kwalba.

Sabulun Salo Da Tsamiya

Akwai wani abu da mutanen Indiya su ka fi mu lura da shi, ya kamata mu koya. Sabulun salo da ruwan toka da mai a ke dafa shi, saboda haka yana da kaifi irin na kanwa. Masana suna da ma'auni daga 0 zuwa 14 na auna tsami da kaifi. Sabulu yakan tsaya wajen 9 ko 10, fatar kai kuwa wajen 5 ta ke, watau ta ɗan karkata wajen tsami. Shi ya sa in an wanke kai da sabulu kaɗai gashi kan bushe ya yi kaushi, musamman in da ruwan rijiya mai nauyi ne. Amlar da su ke sawa cikin haɗinsu ita ke gyara wannan. Mu tsamiya za ta yi mana aikin, ko lemun tsami. A jiƙa kaɗan cikin ruwa mai yawa, a tace, a ɗauraye kai da shi bayan sabulu, sa'an nan a shafa man kaɗanya tun gashin bai gama bushewa ba.

Kowane irin haɗi aka yi, kada a ajiye shi ya kwana biyu, gama babu maganin lalacewa a cikinsa. A kuma tsare ido, domin duk mai kumfa yana da zafi.

Inda Ganye Ya Tsaya

Kada fa a ce mun ce ganye na maganin kome. Wata rana muna zagayen makarantu, mu ka tarad da wani aji inda yara da dama ke da makero. Mu ka tambaya, aka ce ana ta shafa musu ruwan dogon yaro tun kaka, ga shi har bazara ta yi. Makero wata funfuna ce mai shiga cikin tsiron gashi, inda abin shafawa ba ya kai wa. Maganinta ƙwaya ce da a ke haɗiya makonni da yawa bisa umurnin likita, irin su griseofulvin, wanda aka fara ba mutane a 1958. In aka yi sakaci takan yi ƙurji, ta bar tabon da gashi ba ya sake tsirowa. Tana kuma yaɗuwa ta aska da mataji da hula da matashin kai. Malamin da ya ga yaro da ita, ya kira ubansa ya sa a kai shi asibiti, ya kuma gargaɗi yara kowa ya riƙe hularsa.

Ga mata kuwa, kitso mai tsanani kan ci gashin goshi a hankali, babu man da zai tsare shi sai an sassauta hannu. Baƙin lallen da a ke gauraya wa rini yakan sa fatar waɗansu ta kumbura ta yi ƙuraje. Man miƙar da gashi kuma yana da sinadari mai ƙona fata. A 2022 hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta bayyana cewa matan da ke yawan miƙar da gashinsu da irin waɗannan mayuka sun fi waɗanda ba su yi kamuwa da ciwon dajin mahaifa. Ko kwalbar da aka zana wa ganye, a duba lambar NAFDAC a jikinta kafin a saya, domin zane ba shaida ba ne.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ba yawan itatuwa Indiya ta fi mu da shi ba a wannan fage. Abin da su ka yi shi ne sun rubuta nasu, sun kafa masa kwalejoji, har a 2014 gwamnatinsu ta kafa ma'aikata guda domin magungunan gargajiya. Namu kuwa yana cikin kawunan tsofaffi, kowace ta rasu ta tafi da nata. Itatuwan ma suna tafiya. Kaɗanya sai ta shekara wajen 15 ko 20 kafin ta fara 'ya'ya, amma mai gawayi yini ɗaya ya ishe shi ya kā da ita.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta abu uku. A darasin tsabta, a kawo karkashi da magarya da tsamiya cikin aji, yara su haɗa da hannunsu, su ga yauƙin da kumfar. A hutu, a sa kowane yaro ya tambayi kakarsa abin da su ke wanke kai da shi a zamaninsu, da yawan abin da a ke zubawa, ya rubuto, a tara cikin littafi guda a ajiye a makaranta. A lambun makaranta kuma a bar wa karkashi kunya ɗaya, a dasa magarya da lalle a jikin shinge. Malaman ofis su ma su taimaka wajen jawo hankalin masu unguwanni da dagatai bisa saran kaɗanya. Wanda ya gwada ya ga amfani, ko ya ga aibu, ya rubuto wa jaridar nan domin sauran jama'a su ƙaru.