Laifin Na'ura Ne Ko Na Alƙali?

Ranar 30 ga Satumba, 2023, ina gidan kallon unguwarmu aka soke ƙwallon da Luis Diaz na Liverpool ya jefa a ragar Tottenham, wai satar gida. Tottenham ta ci 2-1, aka kaure da gardama, har wani dattijo ya rantse na'urar VAR ta lalata tamaula.

Ni dai ban ga laifinta ba. Layin da aka ja ya wanke Diaz sarai. Alƙalin bidiyon ne ya zaci an amince da ƙwallon a fili, ya ce ya gama dubawa. Kafin ya farga an ci gaba da wasa, doka kuwa ta hana komawa baya. Wannan dokar ya kamata mu tuhuma.