Auna Bayanin Kayan Aikin Na'ura

Idan manomi a Kanya ta ƙasar Zuru ya aiki yaro ya ɗauko garma, ba zai kawo lauje ba, gama ya tashi yana ganinsu. Na'ura mai ƙirƙirarriyar basira kuwa, iyakar saninta da kayan aikinta shi ne bayanin da aka rubuta mata. Irin wannan bayani ya yawaita tun 2024, da kamfanin Anthropic ya fito da tsarin MCP. Akan auna shi ta hanyar ba na'urar ayyuka, a ga ko ta zaɓi kayan da ya dace, ta kuma san inda bai kamata ta taɓa shi ba. Wannan na biyun ne akan manta a rubuta, sai na'ura ta goge takardar da aka ce ta gyara.