Daga zubin yashi zuwa 'ɗaurin aure': Yadda ake ƙera motocin gudu irin su Ferrari

A Bahindi da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, ba a yi wa kowa bayanin mota 'yar Kwatano. Yankin na iyaka da Jamhuriyar Benin, inda aka daɗe ana sauke motocin hannu daga Turai da Amurka a nufo Najeriya da su, kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017.

Sai dai akwai motocin da matasan yankin suka fi gani a waya fiye da kan titi: Ferrari da Lamborghini da Porsche. Kuɗin guda ɗaya kan sayi 'yan Kwatano masu yawa. Dalilin tsadar na cikin masana'anta.

Daga inji ake farawa

A garin Maranello na Italiya, inda Ferrari ke ƙera motoci tun 1947, kamfanin na da maƙerarsa. Ana narka alminiyam a zuba cikin zubin yashi, kamar yadda masu tukwane ke yi a kasuwanninmu. Bambancin shi ne awo: na'urori ne ke sassaƙe kowane sashe har ya yi daidai da zanen kwamfuta, a tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba.

Akwai ƙananan zobban ƙarfe da ake tsomawa cikin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi don su tsuke, sannan mutum-mutumi ya cusa su a kan inji. Da sun ji ɗumi sai su buɗe, su kama gam.

A kamfanin Mercedes-AMG da ke Affalterbach a Jamus kuwa, makaniki ɗaya ne ke haɗa inji daga farko har ƙarshe, sannan a manna faranti mai ɗauke da sa hannunsa. In aka samu matsala, an san mai ita.

Jiki da fenti

Nauyi shi ne babban abokin gabar gudu. Shi ya sa ake amfani da alminiyam ko zaren kabon. Wannan zare kamar ƙyalle yake zuwa. A shimfiɗa shi hawa-hawa a cikin zubi tare da wani irin danƙo, a gasa shi da zafi da matsi har ya sandare. Ya fi ƙarfe sauƙi, ga ƙwari. Da shi Lamborghini ya yi ɗakin direban motarsa Aventador.

Jikin ƙarfe ko alminiyam kuma ana nitsar da shi ɗungurungum cikin kwatami, a sakar masa lantarki domin maganin tsatsa ya shiga kowane lungu. Daga nan sai fenti hawa-hawa a ɗakin da ƙura ba ta shiga.

Ɗaurin aure

Lokacin da ake haɗa gangar jiki da inji da giya da ƙafafuwa, ma'aikatan masana'antun mota na kiransa "aure". Kowane noti mai muhimmanci na da ƙarfin ɗaurinsa, kuma kwamfuta na adana bayanin. Fatar kujeru da ta sitiyari, madinka ne ke ɗinka su. A ƙarshe a gwada burki, a yi wa motar ruwan sama na gangan don neman yoyo, sannan direba ya fita da ita titi.

Irin wannan aiki ba ya son gaggawa. A 2023 Ferrari ya miƙa wa masu saye motoci 13,663 kacal, alhali Toyota ya sayar da sama da miliyan 10.

Ina aka kwana a Najeriya?

Arewa ta taɓa sanin wannan sana'a. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, 504 ɗinsa ta cika tashoshi. An yi Steyr a Bauchi, an yi kamfanin manyan motocin Fiat a Kano. Tsadar kayan waje da matsalar wuta da kwararar motocin hannu suka durƙusar da su.

Yau akwai Innoson a Nnewi, akwai kuma Dangote Peugeot da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 2022. Amma injuna da muhimman sassa daga waje suke zuwa, domin kamfanin ƙarafa na Ajaokuta bai taɓa aiki yadda aka tsara ba, na alminiyam da ke Ikot Abasi kuma ya shafe shekaru a rufe.

Ferrari ba motar hanyar Bahindi ba ce. Cikinta na dab da ƙasa, rami ɗaya ya ishe ta. Abin ɗauka daga masana'antarta shi ne awo da tsari. Makanikin da ke sauke injin 'yar Kwatano a gindin bishiya, ya mayar da shi ya tashi, hannunsa ya riga ya faɗa. Abin da ya rage masa shi ne wuta tsayayya da kayan awo da makarantar da za ta koya masa karanta zane.