Mutanen Kankiya da Kusada a Ƙasashen Waje: Yadda Labarin Gida Ke Iske Su

Kankiya tana kan hanyar Kano zuwa Katsina, Kusada kuwa tana maƙwabtaka da ita, kuma su biyun tare da Ingawa wakili guda suke aikawa Majalisar Wakilai ta Tarayya. Mutanen wannan yanki, kamar sauran Katsinawa, sun daɗe da sabawa da fita. Wani ci-rani ke fitar da shi bayan kaka, wani fatauci, wani neman ilmi, wani kuwa aikin Hajji. A zamanin da ake tafiya Makka ta ƙasa, a bi ta Cadi da Sudan, mutum yakan shekara da yawa a hanya, waɗansu ma can suka zauna. Abin da za a duba a nan shi ne yadda irin wannan mutum ke jin labarin gida, da kuma irin labarin da ke isa gare shi.

A da, labari a baki yake tafiya. Wanda ke zaune a zangon Kumasi ko a Wad Madani sai ya jira baƙo ya sauka, sa'an nan ya zaunar da shi ya tambaye shi damina, da farashin gero, da wanda ya rasu, da wanda aka naɗa. Labarin yakan zo da tsufansa, amma na garinsu ne tsantsa.

Rediyo ya sauya wannan. Ran 13 ga Maris 1957 BBC ta fara shirin Hausa, kuma muryar da aka fara ji ta Bakatsine ce, watau Aminu Abdullahi Malumfashi. Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979. Daga nan labari ya daina jiran matafiyi. Wani abin mamaki ya faru a ƙarshen 2009, lokacin da aka kai Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa asibiti a Jidda. Katsinawan da ke zaune a birnin nan, gari ɗaya da shi, ba su fi na gida sanin halin da yake ciki ba. Su ma sai a Janairun 2010 suka ji muryarsa, cikin hirar da BBC ta yi da shi ta wayar tarho.

Wasan ƙwallo ya fi kome saurin tara baƙi wuri guda, gama ba ya bukatar a yarda da juna a kan siyasa. A 1989 an yi gasar matasa ta duniya a Saudiyya, inda Nijeriya ta rama ci huɗu da Tarayyar Sobiyet ta yi mata a Dammam, ta kuma fitar da ita a bugun fanareti. Haka kuma da Ahmed Musa ya ci Aisland biyu a gasar duniya ta 2018, ya koma ƙungiyar Al-Nassr ta Riyad a shekarar nan, Hausawan can sun sami ɗan gida da za su nuna.

Sai dai a nan ne ya kamata a lura da wani abu. Labarin da waɗannan kafofi ke kaiwa na ƙasa ne, ba na gari ba. Mutumin Kusada da ke Jidda zai iya sanin abin da aka faɗa a majalisa a Abuja da safiyar yau, alhali bai san ko takin zamani ya iso ƙauyensu ba. Ba kasafai rediyon London ke ambaton Kankiyan Katsina Hakimin Kankiya ko Bebejin Katsina Hakimin Kusada ba. Wannan kashi na labari har yanzu a baki yake tafiya, sai dai bakin ya koma cikin wayar hannu, ta saƙon murya na WhatsApp, wanda ya dace ƙwarai da wanda bai iya karatun boko ba.

Talabijin kuma ya zo da wata matsala da ta shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta shiga gidajen Hausawa na nesa da wasanni irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Amfaninsu ba ƙarami ba ne, domin yaron da aka haifa cikin Larabawa yana jin Hausa a bakin waɗansu ban da iyayensa. Amma Hausar da ta rinjaya a cikinsu ta Kano ce. Uba yana cewa "mi" da "shina zuwa", ɗa yana jin "me" da "yana zuwa" kowane dare. Idan Katsinanci zai raunana a irin waɗannan gidaje, ba Larabci kaɗai za a ɗora wa laifi ba. Wannan fage ne da ya cancanci a bi shi gida-gida, a ɗauki maganar uba da ta ɗa a gwada.

Game da siyasa, wanda ke waje yana da kunne da baki, yana kuma da ɗan tasiri, tun da wanda ke aiko kuɗin taki da na makaranta ba a cika ƙin jin shawararsa ranar zaɓe ba. Abin da ba shi da shi ita ce ƙuri'a. Ran 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da gyaran tsarin mulki da zai ba mazauna waje damar zaɓe daga inda suke. Saboda haka a zaɓen 2023, wanda ya kawo Dikko Umaru Raɗɗa kujerar gwamnan Katsina, duk ɗan Kankiya ko Kusada da bai sami kuɗin jirgi ya dawo rumfar da ya yi rajista ba, a waya ya bi ƙidayar ƙuri'un mazaɓarsa.