Fentin Kirsimeti da Yaron da Ke Rarrafe a Gindin Bango

Da zarar Disamba ta kama, hunturu ya fara busawa, mai fenti a Kafanchan ko Jos ko Numan ko Sabon Garin Kano ba ya samun lokacin zama. Kowane gida na son a zo masa kafin ranar 25 ga wata. Ana fitar da kujeru tsakar gida, a sauke labule, a naɗe ledar ɗaki, a kankare bango a shafa masa sabon launi. Bayan nan sai a rataya balan-balan da fitilu masu walƙiya, mai hali ya kafa bishiyar roba a kusurwar falo. 'Ya'yan da ke aiki Abuja da Legas suna hanya, surukai za su zo gaisuwa, matan zumunta za su shigo da waƙa, ba wanda ke son a iske gidansa da tabon damina a jikin bango. Al'ada ce mai kyau, kuma maƙwabta Musulmi suna yin irinta gab da Sallah ko lokacin jeren amarya. Sai dai a cikin duk wannan hidima, shawarar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda aka fi yankewa a tsaitsaye a bakin shago: wane irin fenti za a saya, kuma yaya za a yi da tsohon da ke jikin bango. A ganina, a gidan da ke da ƙananan yara, bai kamata a shigo da fentin mai ba sai an tabbatar babu dalma a cikinsa, kuma bai kamata a goge tsohon fenti a bushe ba ko kaɗan.

Fentin gida iri biyu ne a kasuwanninmu. Akwai na ruwa, wanda ake sirkawa da ruwa, ya bushe ba sheƙi. Akwai na mai, wanda ake sirkawa da tina ko kananzir, ya bushe yana ɗaukar ido. Na ruwa da wuya a same shi da dalma mai yawa. Matsalar tana wajen na mai, domin masana'antu sun daɗe suna zuba sinadaran dalma a cikinsa saboda dalilai na kasuwa: suna ba da ruwan ɗorawa da ja da ruwan lemo masu haske, suna sa fentin ya bushe da wuri, suna kuma hana ƙarfe tsatsa. Da ruwan ɗorawan ake haɗa kore sau da yawa. To, ja da kore su ne launukan da aka fi dangantawa da Kirsimeti, kuma fentin mai shi ake shafa wa ƙyaure da tagogi da ƙarafan baranda da rabin bango na ƙasa, don a riƙa goge dattin hannun yara da tsumma. Ma'ana, fentin da ya fi haɗari shi ake sawa daidai tsayin yaron da ke koyon tsayuwa. Irin wannan sheƙi shi Bahaushe ke kira kyan ɗan maciji.

Fenti yana sabo, yana manne da bango, dalmar da ke ciki a ɗaure take. Amma fenti ba ya dawwama. Rana na gasa shi, danshi na ɗaga shi, ƙyaure na gogar dokin ƙofa safe da yamma, taga na buɗewa tana rufewa. A hankali yana komawa ɓawo da gari, garin ya sauka a ƙasa da bakin taga, ya gauraya da ƙurar hunturu har ba mai iya bambance su. Yaro ɗan wata goma yana rarrafe a wurin, ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki, ya tsinci ƙosan da ya faɗi ya cinye. Ba sabon ilimi ba ne wannan. Tun a 1904 wani likitan ido a birnin Brisbane na Ostareliya, Lockhart Gibson, ya gano cewa yaran da ake kawo masa da gubar dalma suna samunta ne daga fentin baranda da bangon gidajensu, musamman masu tsotsar yatsa da cin farce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma yaron da ke fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko kalsiyam a abincinsa ya fi tsotsewa. Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin kalsiyam, sai ya kai ta ƙwaƙwalwa a shekarun da take ginuwa, ya adana saura a ƙashi da haƙori. Mace mai juna biyu kuwa, dalmar da ta kwanta a ƙashinta tun tana yarinya tana iya komawa cikin jini ta isa ga ɗan tayi. Hukumar ta kuma ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Wani zai ce, ai mu ma a gidajen fenti muka tashi, ga mu nan lafiya lau. Wannan magana tana da ƙarfi a kunne, domin mutanen Arewa sun san gubar dalma da wata fuska dabam. Sun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje, sannan aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Can yara suna jijjiga, suna suma, suna mutuwa. Wanda ya ga haka, in aka ce masa ƙyauren ɗakinsa ma yana da dalma, zai ga kamar an zuzuta maganar. Gaskiya ne adadin ba ɗaya ba ne, kuma fentin falo da wuya ya kai yaro ga suma. Amma ƙaramin adadi ɓarnarsa a ɓoye take. Yaron ba ya zazzaɓi, ba ya kuka, yana cin abincinsa. Sai ya shiga aji uku a lura ba ya riƙe karatu, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga saurin fushi. Malami ya ce daƙiƙi ne, uba ya ce wasa ya yi masa yawa, a bi shi da bulala, ba wanda zai tuna ƙyauren da aka goge da samfefa shekara bakwai baya. Wanda ya ce ya tashi lafiya ba shi da hanyar sanin abin da aka rage masa, kuma abin da dalma ta rage a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wato har miliyan 800, yana da dalma a jini a matakin da ke buƙatar ɗaukar mataki.

Ƙasashe da dama sun daɗe da rufe wannan ƙofa. Amurka ta haramta fentin dalma a gidaje a 1978, daga baya a 2009 ta sauke iyakar zuwa kashi 90 cikin miliyan, ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar su bi. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya ita ma ta ɗauki wannan ma'auni. Sai dai ma'auni a takarda dabam, gwangwani a kan kanta dabam. Binciken da ƙungiyar SRADev ta Legas ta yi tare da ƙungiyar IPEN, aka wallafa a 2017, ya gano yawancin fentin mai na gida da aka saya a kasuwa aka gwada ya haura wannan iyaka, wasu ma sun ninka ta fiye da sau 100. Mai saye ba ya iya gane dalma da ido ko da hanci, kuma fentin da ake aunawa a galan marar suna ba shi da wanda za a tuhuma.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun magidanci a Disamba, ga shinkafa, ga kaji, ga ɗinkin yara. Za a ce wannan wa'azin masu hali ne. Ban yarda ba, domin yawancin abin da ke kare yaro ba ya cin kwabo. Fentin ruwa ya fi na mai araha. Farar ƙasa da iyayenmu mata ke shafe ɗaki da ita ta fi su duka araha, kuma ba a zuba mata dalma. In tsohon fentin mai yana nan daram bai ɓare ba, barinsa a wanke shi da sabulu, ko a rufe shi da sabon da ba dalma, ya fi kankare shi aminci. In kuwa ya ɓare dole a cire, a jiƙa wurin da ruwa kafin a sa wuƙar kankara, kada a goge da samfefa a bushe, kada a babbake shi da wuta. A shimfiɗa leda ta tare ɓawon, a ƙulle a fitar. Yara da mai juna biyu su koma wani sashe ko gidan dangi har a gama. Sannan a goge ƙasa da bakin taga da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsintsiya tayar da garin kawai take yi ya sake sauka kan tabarma da kwanukan abinci. Tsohon ƙyauren da aka cire kada ya shiga murhun dafa abincin biki. Shi ma mai fentin, da ke komawa gida da kayan aiki fari fat da gari ya ɗauki ɗansa, ya cancanci a gaya masa ya sauya tufa ya yi wanka tukuna.

Mai fenti zai ce, kuma yana da gaskiya, fentin mai ya fi jure wanki, kuma ƙarfe yana buƙatarsa. Amma ana yin fentin mai marar dalma, da sinadaran launi da na busarwa na daban, kuma kamfanoni a ƙasashe da yawa sun koma kansa ba su rufe ba. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya nemi gwangwanin da ke ɗauke da sunan kamfani da bayanin cewa ba a sa dalma ba, ya ƙi karɓar na awo. Mai haya kuma, wanda ba shi ke zaɓar fenti ba, yana da haƙƙin tambayar mai gida abin da za a shafa a ɗakin da 'ya'yansa ke kwana.

Gaggawa ce ke ɓata yawancin wannan aiki. Fentin da ke ɓarewa duk shekara ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Galibi kwano ne ke yoyo, ko ruwa ke kwanciya a gindin bango, danshi ya hau cikin bulo ya turo fentin waje da farin gishiri. Wanda ya shafa sabo a kan wannan a ranar 20 ga Disamba, zai sake kankarewa baɗi, ya sake zubar da gari a ɗakinsa. Sabon filasta yana son makonni kafin ya bushe ya karɓi fenti, a hunturu kuma sai ana yayyafa masa ruwa a kwanakin farko don kada ya tsattsage. Ga warin tina a ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda sanyi, aka kwantar da jariri a ciki daren da aka gama shafe. Lokacin gyara shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa: a fara da rufi da magudana, a bi da filasta, a yi fenti, a bar ɗaki ya sha iska, Disamba ta zama ta labule da fitilu kawai.

An yi sa'a makon yaƙi da gubar dalma na duniya yana faɗowa ne a ƙarshen Oktoba kowace shekara, daidai lokacin da ya kamata a fara wannan shiri. A makon ne ya dace jami'an SON su shiga kasuwannin fenti na Kaduna da Kano da Jos su ɗebi samfuri, su gwada, su bayyana sakamakon a rediyo da Hausa. Majami'un ECWA da COCIN da EYN da Katolika, waɗanda ke da asibitoci da makarantu da ƙungiyoyin mata a kusan kowane gari, za su iya sa maganar cikin sanarwar Lahadi, su kuma fara da duba fentin da ke jikin bencina da tagogin ajin yara na makarantar Lahadi.