An bar jaki ana dukan taiki: gizo-gizo da shigowar kaka a gidajen Tamale

Da zarar ruwan Oktoba ya fara ja da baya a Tamale, kafin hazon hunturu ya sauko sosai a Disamba, akwai baƙin da ke cika mana ɗakuna babu ko sallama. Ka share kusurwar silin da safe, kafin magariba an sake kafa sabuwar yana. Ka ɗaga kalanda a bango, sai ga wani shimfiɗaɗɗe kamar an bi ta kansa da dutsen guga ya zura a guje. Daga Zango zuwa Sabonjida, daga Aboabo zuwa Lamashegu, zancen ɗaya ne a bakin mata: gizo-gizo ya yi yawa bana. Bara ma haka aka ce, baɗi kuma in Allah ya kai mu haka za a ce.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan ɗan ƙwaro shi ne, yawancin laifin da muke ɗora masa ba shi ya aikata ba. Maganin da wasunmu ke ɗaukowa don su kashe shi kuwa ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba.

Me ke kawo shi ciki?

Duk tsawon damina, tun daga Mayu, ciyawa na tashi, ƙwari na hayayyafa, gizo-gizo kuma na ci yana girma. Wanda aka ƙyanƙyashe da farkon ruwa, ido bai ko ganinsa a lokacin, yanzu ya zama ƙato. Mazan cikinsu sun isa neman mata, sai su bar maɓoya su shiga yawo, shi ya sa kake cin karo da su a tsakar ɗaki da dare. Da yawansu ma ba daga waje suka shigo ba, da ma can tare muke zaune, a bayan kabad da ƙarƙashin kwano, girma ne ya tona musu asiri. Har a Ingila irin wannan kukan suke yi duk Satumba da Oktoba, dalilin kuma kusan ɗaya ne.

Sai kuma abin da mu da kanmu muke jawowa. Ƙwan lantarkin da muke bari a kunne a bakin ƙofa har asuba yana tara ƙwari, inda abinci ya taru kuwa nan mafarauci zai kafa tarkonsa. Ga kaka ta yi, ana shigo da buhunan masara da gyaɗa, ana jibge doya da itace a jikin bango, kowane kaya da fasinjansa. In aka fara ƙona daji a Nuwamba kuma, duk wani abu mai ƙafa gida yake nufa, har da kunama.

A shekarar 2022 masana suka cika lissafin nau'in gizo-gizo 50,000 a duniya, waɗanda ke iya kwantar da mutum a cikinsu kuwa 'yan kaɗan ne. Ukun da muka fi gani a ɗakunanmu babu mai cutarwa a cikinsu: mai dogayen ƙafafu siri-siri da ke karkaɗa yanarsa in an taɓa shi, da shimfiɗaɗɗen nan na bango da ba ya saƙa, da ƙaramin mai tsalle da ke kama ƙuda a taga. Wanda ya kamata a sani shi ne wani mai ruwan ƙasa, mai zagayayyen ciki, da ɗigo ruwan lemo a ƙarƙashin cikin. Ana samunsa a ƙasashe masu zafi da yawa, har da nahiyarmu. Yana son ƙasan kujera da bakin bokiti da tsohuwar taya, jakar ƙwansa kuma kamar ɗan curin auduga ne mai ƙayoyi. Ba ya bin mutum, sai an matse shi yake cizo. Cizon nasa yana da zafi, kuma in yaro ne ya samu, asibiti za a nufa.

Fitsarin tautau

Ina koyarwa a firamare, kuma duk zangon farko na shekarar karatu, tsakanin Satumba da Disamba, sai na ga yara biyu ko uku sun zo da wani dogon ƙuna a wuya ko a kumatu, ja, da ƙananan bororo a jere kamar an ɗiga musu ruwan zafi. Wani an shafa masa toka, wani man goge baki, wani bula. Na taɓa tambayar kakar wata ɗalibata da ta rako ta, na ce, "Iya, me ya samu jikar taki?" Ta ce, "Ai Malam tautau ne ya yi mata fitsari cikin dare. Jiya ma sai da muka feshe ɗakin kaf, muka rufe." Wannan "muka rufe" ɗin ya fi ƙunan tayar min da hankali, zan kuma dawo kansa.

Gizo-gizo ba shi da wani fitsari mai ƙona fata. Abin da yake fitarwa ɗan farin ɗigo ne da kake gani a ƙasan yanarsa, kuma ba ya yi wa fata komai. Mai wannan aika-aikar, a yawancin lokuta, wani siririn ƙwaro ne da bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, jikinsa baƙi da ja a jere, ka gan shi ka ce cinnaka ne. Masana na kiransa Paederus, a gabashin Afirka kuma ƙudan Nairobi ake ce masa, inda ya addabi mutane bayan ruwan da aka tafka a 1997 zuwa 1998. Wurin zamansa ƙasa mai danshi ne, musamman gonakin shinkafa da bakin fadama, irin waɗanda suka kewaye mu ta wajen Bontanga da Golinga. Yana da fiffike a naɗe, da dare kuma haske yake bi.

Ba ya cizo, ba ya harbi. Gubar tana cikin ruwan jikinsa ne. Ya sauka a wuyanka kana barci, ka kai masa mari ka murje, to kai da hannunka ka shafa wa kanka gubar, shi ya sa ƙunan ke fitowa a dogon layi, daidai inda hannu ya bi. Ba ya nunawa nan take, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin an manta da wani ƙwaro. Sai a ɗaga kai a hango gizo-gizo a kusurwa yana zaman zamansa, a ce ga mai laifi. In mutum ya sosa ido da wannan hannun, idon ma kumbura yake yi.

Maganin abin mai sauƙi ne in an san shi. Ya sauka a jikinka, hure shi ko ka sa takarda ka ɗauke, kar ka murje. In ka riga ka murje, maza ka wanke wurin da hannunka da ruwa da sabulu. In bororo ya fito kar a fasa, kar a sa toka, a bar wurin da tsabta. Yakan warke cikin mako ɗaya zuwa uku, ya bar ɗan duhu da zai washe daga baya. Wanda ya taɓa ido, ko ya fara ruwa da wari, a kai shi asibiti.

Akwai ciwo na biyu da ake jingina wa gizo-gizo, kuma ya fi wancan nauyi. 'Yan uwanmu masu jin Twi ma sunan gizo-gizo suka sa masa, ananse. Shi wannan babu ruwansa da wani ƙwaro. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da mutum ya yi tun yana yaro, ta kwanta a jijiya shekara da shekaru, sai ta farka in jiki ya yi rauni ko girma ya kama. Alamarsa, zafi da zogi su fara zuwa, sannan ƙuraje su fito a ɓangare ɗaya na jiki kamar an ɗaura rabin ɗamara. Akwai maganinsa a asibiti, amma ya fi aiki in an fara sha cikin kwana uku da fitowar ƙurajen. Duk ranar da aka ɓata ana shafe-shafe ana zagin tautau, asara ce ga maras lafiya, musamman tsoho, ko wanda abin ya fito masa kusa da ido.

Maganin da ya fi cutar

Yanzu mu koma kan rufe ɗaki. A kasuwa za ka ga ana sayar da ruwan magani a 'yan kwalabe marasa suna, yawancinsa DDVP ne, maganin gona da na rumbu. A Najeriya hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irinsa mai suna Sniper tun 2019. A nan kuwa mutum zai yayyafa shi a ƙasan gado da bayan labule, ya rufe taga, bayan awa guda a shimfiɗa wa jariri a ciki. Ciwon kai, yawan miyau, amai, sarƙewar numfashi, duk alamunsa ne, yaro kuma ya fi babba saurin kamuwa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙwayar da ake jefawa cikin buhun masara don kashe ƙwarin hatsi, mai sinadarin aluminiyom fosfaid. Da ta sha danshin iska sai ta riƙa fitar da hayaƙin guba da ba shi da makari. A watan Afrilun 2018, a Accra, yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an sa irin wannan ƙwaya a ɗaki don korar ƙwari, har hukumar FDA ta fito ta gargaɗi jama'a. Mu a Tamale abin ya fi kusa da mu, domin yanzu ne ake ajiye hatsi, kuma gidaje da yawa buhu da mutum ɗaki ɗaya suke kwana. Jama'a, buhun da aka sa wa wannan ƙwaya ba ya kwana inda mutum ke numfashi, ko da a ɗakin da ke jikin naka ne in silin ɗinku a haɗe yake.

Abin takaicin ma, feshi ba ya gamawa da gizo-gizo. Jakar ƙwansa saƙa ce mai kauri, magani ba ya cika ratsa ta. Muddin fitila na tara ƙwari a ƙofa, ka kashe goma yau, wasu goman na hanya.

Abin da ke aiki

Tsintsiya ce, a ɗaura ta a doguwar sanda. Sau ɗaya a mako a bi kusurwoyi da ƙasan kujeru da bayan kabad, a kwashe yana har da jakar ƙwan a fitar waje. Fitilar tsakar gida a matsar da ita nesa da ƙofa da taga, a kashe in an shiga barci. Ƙwan da haskensa ke ruwan ɗorawa bai kai fari fat ɗin nan jan ƙwari ba. A ɗinke ragar taga inda ta yage, a toshe ƙasan ƙofa ko da tsohon tsumma ne. Itace da kwalaye da buhuna a janye su daga jikin bangon ɗakin kwana. Gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, yana tare sauro, yana tare ɗan ƙwaron nan mai ƙuna. Da safe kuma a kakkaɓe takalmi da kayan makaranta da darduma kafin a yi amfani da su. Wannan na koya wa 'yan ajina har ya zame musu jiki, kuma saboda kunama na fi yinsa, don ita ce ke kai yaro asibiti da gaske.

In ka ga ɗaya a ɗaki kuma ba ka son zama da shi, kifa masa kofi, zura takarda ta ƙasa, ka kai shi waje. Wanda ke can saman kusurwar kicin ko bayan gida kuwa, ni dai nakan ƙyale shi, aiki yake yi mana kyauta. A 2017 wasu masana biyu a Turai suka ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya na cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu duk shekara. A gefen Tafkin Victoria a Kenya har akwai wani ƙaramin mai tsalle da ya fi son macen sauro wadda ta riga ta sha jini. Wannan fa ba ya nufin a naɗe gidan sauro a ce gizo-gizo na gadi. Ƙarshen damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, kowa ya sani.

Wasu iyaye kan tambaye ni ko akwai zunubi a kashe shi, saboda labarin saƙar da aka ce ya yi a bakin kogon Saur lokacin Hijira, ga kuma sura ta 29 a Alƙur'ani mai girma da ke ɗauke da sunansa, Ankabut. Malaman hadisi sun yi saɓani a kan ingancin labarin kogon, fatawa kuma ta malamai ce, ba ta malamin firamare ba. Abin da dai babu jayayya a kansa shi ne share gida tsabta ce, kuma jefa iyali cikin haɗari don gudun ɗan ƙwaro ba dabara ba ce.

A tatsuniya mun saba Gizo ne ke yin ɓarna ya gudu ya bar wani da duka, ko Ƙoƙi ba ta tsira daga sharrinsa ba. A ɗakunanmu kuwa shi ake duka a kan ɓarnar wasu. Roƙona ga malaman makaranta da limamai da masu wa'azin mata a unguwanni, a cikin makonnin nan a faɗa wa jama'a abu uku: kar a murje ƙwaro a jiki, kar a zauna da ƙurajen ɓangare ɗaya a gida, kar a kwana ɗaki ɗaya da maganin hatsi. Allah ya sa mu ga hunturu lafiya, mu da yaranmu.