Daga Littafin Bashi Zuwa Rumbun Bayanai: Abin da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Potiskum Su Sani

POTISKUM — A kowace Laraba, kasuwar shanu ta Potiskum da ke Jihar Yobe, wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, takan cika da fatake da dillalai da masu lodin tireloli zuwa Legas da sauran biranen kudu. Kaso mai yawa na wannan ciniki bisa amana da bashi yake gudana, kuma shaidarsa ba ta wuce littafin da yaron mai gida ke riƙe da shi ba.

Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon 2023 ya tilasta wa 'yan kasuwa da dama karɓar kuɗi ta banki. Tun daga lokacin, ɗan kasuwa yakan sami kansa da lissafi iri uku: na littafi, na saƙonnin banki, da na abin da ke cikin kansa. Idan suka saɓa, sai gardama ta tashi, wani lokaci har gaban alƙali. Wannan ne ya sa ake ƙara maganar manhajar intanet mai haɗe da rumbun bayanai.

Tsarin kashi biyu ne. Na farko shi ne manhajar, wato shafin da akawu zai buɗe a waya ko kwamfuta ya cike gurabe. Na biyu shi ne rumbun, inda bayanan ke zaune a kan wata babbar kwamfuta da ba a kashewa. Manhajar tamkar teburin shago ce, rumbun kuwa shi ne sito. Ko waya ta ɓace, kayan da ke sito suna nan.

Irin rumbun da aka fi amfani da shi a harkar kuɗi shi ne mai jadawalai masu dangantaka da juna. Wani masani a kamfanin IBM na Amurka, Edgar Codd, shi ya fito da tsarin a 1970. Daga baya aka ƙirƙiro harshen SQL don yi wa rumbun tambaya. Kamfanin Oracle ya fara sayar da irin wannan rumbu a 1979, sannan MySQL ya fito a 1995. Shi da PostgreSQL ana samun su ba tare da biyan kuɗin lasisi ba.

Hikimar tsarin ita ce a rubuta kowane bayani sau ɗaya tak. Alal misali, dillalin shanu zai buɗe jadawali uku. Na farko na abokan ciniki, inda kowa ke da lambarsa da ba a maimaitawa. Na biyu na ciniki, mai ɗauke da rana da yawan dabbobi da farashi da la'ada. Na uku na biyan kuɗi. A jadawali na biyu da na uku, lambar mutum ake sawa a madadin sunansa. Ta haka, ko akwai Alhaji Musa guda huɗu a kasuwa, bashin wani ba zai hau kan wani ba. Haka kuma, idan mai gida ya nemi sanin waɗanda bashinsu ya haura kwana talatin, rumbun zai haɗa jadawalan uku ya ba da amsa nan take. Irin wannan tunani ne ya haifar da lambar BVN mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2014, domin a gane mutum ɗaya a duk bankunan da yake hulɗa da su.

Kafin manhaja ta yi magana da rumbu, tilas a ba ta adireshin kwamfutar da rumbun yake, da sunan rumbun, da sunan mai shiga, da kalmar sirri. Waɗannan su ne makullan sito. Bayan an haɗa su, ayyukan da ake yi huɗu ne: shigar da sabon bayani, duba wanda ke akwai, gyara shi, da goge shi. Ba daidai ba ne kowane ma'aikaci ya sami ikon yin duka huɗun. Yaron shago zai iya shigarwa da dubawa, amma gyara da gogewa su tsaya a hannun mai gida. Daɗin daɗawa, ya kamata rumbun ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya taɓa wani lissafi da lokacin da ya taɓa shi.

Wata fa'ida da ta dace da inda wutar lantarki da layin waya ke yankewa ita ce ƙa'idar kammala aiki gaba ɗaya ko soke shi gaba ɗaya. Idan mai saye ya biya Naira miliyan biyu, dole a rubuta kuɗin a jadawalin biya, a kuma rage bashinsa. Idan layi ya katse bayan mataki na farko, rumbun zai janye shi ya koma yadda yake, don kada a bar lissafi rabi da rabi.

Sai dai kuma tsarin na da haɗarinsa. Mafi shahara shi ne wanda ɓarawo ke rubuta umarnin SQL a gurbin da aka tanada don suna ko lambar waya. Idan manhajar ta miƙa rubutun ga rumbu ba tare da raba umarni da bayani ba, rumbun zai bi umarnin ya fitar da asirin kowa. Ta wannan hanya aka kutsa wa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila a 2015, aka kwashe bayanan mutane kusan 157,000, kuma a 2016 hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000. Maganin abin sananne ne ga masu sana'ar, don haka wajibi ne ɗan kasuwa ya tambayi mai gina masa manhaja ko ya toshe wannan ƙofa.

Haɗari na biyu shi ne ɓacewar bayanai. Harin da aka kai kasuwar shanu ta Potiskum a watan Mayun 2012, wanda ya ci rayuka da dukiya, ya nuna yadda abin da aka tara a wuri ɗaya ke iya salwanta cikin dare guda. Ƙa'ida ita ce a riƙa kwafe rumbun kullum a ajiye a wani wuri dabam, a kuma gwada maido da kwafin lokaci zuwa lokaci.

Akwai kuma batun doka. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan jama'a alhakin tsare su. Idan aka yi kutse mai iya cutar da masu bayanan, dokar ta buƙaci a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72, kuma akwai tara ga mai sakaci.

Ta fuskar tattalin arziki, kuɗin gina manhajar ba shi kaɗai ne abin lissafi ba. Akwai hayar kwamfutar ajiya, wadda sau da yawa farashinta ke bin darajar dala, ga kuɗin gyara da horar da akawu. Ƙaramin ɗan kasuwa na iya haɗa gwiwa da ƙungiyarsa a raba nauyin. A gefen riba kuwa, lissafin shekara biyu ko uku da ke a tsare hujja ce da za a iya gabatar wa banki yayin neman rance.

Abu na ƙarshe da ya kamata a rubuta cikin yarjejeniya shi ne cewa bayanan da kalmar sirrin rumbun mallakar ɗan kasuwa ne. Wanda ya bar su a hannun mai gina manhaja kaɗai, ranar da suka ɓata zai tarar an rufe masa littafin bashinsa.